Aska a Hannun Hagu

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai leƙo ba kuma ya san laifinsa. Ya jiki, ya ƙafa? Mama ta ce kunnenki ya yi nauyi, waya ba ta yi miki amfani, shi ya sa na rubuto. Ta ce telan da ke haya a ɗakin ƙofar gida zai karanta miki.

Ban san ko za ki gane ni ba. Dogo ne, jikan ƙanen marigayi maigidanki. Sau ɗaya na zo gidanku ina ɗan shekara shida, na ɓalle miki marfin butar shayi, kika ce kin fasa aurena. Yanzu shekarata talatin da ɗaya, ina da mata da 'ya ɗaya.

Kaka, aski nake yi. Shekara tara ina shagon askin inji, kai talatin a rana, wannan ya tashi wancan ya zauna. To yanzu abin ya fara juyawa. Mutane sun koma neman askin da, na kujera mai kwanciya da tawul mai zafi da kumfa da aska. A bayan kasuwarmu akwai wani tsohon shago mai kujera biyu, muna ce wa mai shi Baban Shago. Shekaru yana zaune yana korar ƙuda, yau sai ka jira layi. Idonsa ya fara rauni, kuma ba shi da magaji. Ya ɗauke mu mu biyu, ni da wani da ake ce wa Likita saboda farar rigar da ba ya rabuwa da ita. Ya ce bayan wata huɗu kowannenmu zai aske masa gemu da aska, wanda hannunsa ya gamshe shi, shi zai bar wa shagon.

Na bar aikina saboda wannan, kuma ba mu rabu lafiya da mai shagon injin ba. In na faɗi ba ni da wurin komawa.

Mama ta ce duk danginmu ba a yi mai hannu irin na marigayi ba, kuma ba wanda ya rage da ya san aikinsa sai ke. Don Allah ki gaya min yadda yake yi, komai ƙanƙantarsa.

Jikanki,
Dogo

*

Dogo, angona mai ɓarna,

Wa alaikumus salam. Direban motar kaya ya kawo takardarka, Tela ya karanta min da ƙarfi har maƙwabta sun san kana da 'ya. Lafiyata lau, sai gwiwar nan da ke min gardama da safe. Ka gaida uwarka, ka gaida matarka, ka shafa min kan 'yar. Marfin butar nan har yau da zare yake ɗaure, kada ka ɗauka na manta.

Ni ko sunana ban iya rubutawa ba, saboda haka abin da na faɗa shi Tela ke sawa. In ka ga magana ta karkace, hannunsa ne.

Ɗakin da Tela ke ɗinki a ciki, nan ne shagon. Shekara arba'in da ɗaya marigayi yana aski a nan. Ni ba na shiga in da maza a ciki. Aikina tawul da ruwan zafi. Akwai ƙofa tsakanin shagon da cikin gida, nakan buɗe ta kamar faɗin tafin hannu, in ajiye 'yar kujerata a bayanta, tukunyar ruwa na kan wuta kusa da ni. Kabad ɗin tawul ya kare ni, ba mai ganina. Ni kuwa ina ganin komai ta babban madubin da ke bango. Ka ga ke nan ba labari aka ba ni ba.

To saurara. Mutum in ya zauna, marigayi ba ya taɓa aska tukuna. Sai ya bi fuskar da 'yan yatsu kamar mai neman allura a tabarma. Yana duba inda gashi ya kwanta, da inda ya juya, da ƙurji, da tabo. Ya ce gemu biyu ba sa kwanciya iri ɗaya ko da na tagwaye ne. Wannan da kunnena na ji, lokacin kunnen na aiki.

Tawul kuwa a wuyan hannunsa yake fara gwadawa. In ya ce "Uwargida, ya yi," to ya yi. In ya yi shiru ya miƙo min shi ta ƙofa, na san na yi sakaci. Sau biyu yake sa wa mutum, na farko don gashi ya yi laushi, na biyu don mutumin ya daina tunanin abin da ya baro a gida.

Kumfa yana kaɗa ta sai ta tsaya a kan buroshi ba ta zuba. Aska kuma yana wasa ta a fatar nan da ke rataye jikin kujera, sau talatin, je ka dawo. Ni da sautin nake ƙirgawa. In na ji ya wuce talatin na san ranar ransa a ɓace yake, sai in kama kaina.

Ba ya jan aska da tsawo. Kaɗan kaɗan, kamar tsawon gaɓar yatsa, ya goge a tsumma, ya sake. Kuma in ƙarfe na wuyan mutum ba ya tambayarsa komai, don mutum in ka tambaye shi zai amsa, in ya amsa wuya ya motsa. Akwai wani mahauci da ke zuwa duk mako, bakinsa ba ya rufuwa. Marigayi sai ya ɗaga askar ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Mahaucin ya ce, "Malam, ci gaba mana." Ya ce, "Ai kai ke aiki yanzu, in ka gama sai in karɓa." Tela na dariya, ya ce ya san mahaucin. Bai san shi ba, lokacin ko wando bai fara sawa ba balle ya ɗinka.

Na bar maka babban a ƙarshe. Da hagu yake riƙe aska. Ba bahago ba ne, da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake ɗaukar buta. Amma da ya tsaya a kan mutum, aska na hagu, dama na jan fata tana miƙar da ita. Ban taɓa ganin ya saɓa ba ko sau ɗaya. Ban tambaye shi dalili ba, ba a tonon mutum a kan sana'arsa. Amma ni a raina na san nan abin yake, don duk masu askin da ake zancensu da dama suke yi, kuma ba wanda aka yi wa layi irin nasa.

Ka riƙe wannan, kada ka gaya wa mai farar rigar nan.

Kakarka

*

Kaka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya, 'yar ta fara haƙori, ba mai sakewa a gidan.

Takardarki na karanta ta ya fi sau goma. Maganar tawul da bin fuska da yatsu duk na ɗauka, har Baban Shago ya tambaye ni inda na samo. Askarmu ta yanzu ba a wasa ta, irin wadda ake canja wa reza ce ga kowane mutum saboda cuta. Amma Baba yana sa mu wasa tsohuwar tasa a fata don hannu ya saba.

Saura maganar hagu. Kaka, na sha wuya. A nan ba a fara koyo a fuskar mutum. Balan-balan ake hurawa a shafa masa kumfa, ka kankare kumfar da aska ba tare da ya fashe ba. Ranar farko na fasa goma sha huɗu. Kumfa har cikin hancina. Likita ya ce in bari ya kira min motar asibiti. Shi da damarsa kwana uku ya yi ya wuce wannan mataki, ni yau mako biyar ina nan. Yatsun damata duk filasta ne, don su ke gaban askar. A gida da hagu nake goge baki, da hagu nake ɓalla maɓallin riga. Matata ta ce yanzu yara biyu take raino.

Ranar da Baba ya ga askar a haguna ya ce, "Kai bahago ne?" Na ce a'a, haka kakana yake yi. Ya ce shekara hamsin yana aski bai taɓa ganin mai dama ya ɗauki aska da hagu ba, wai ko dai tsohuwar da ta gaya min ta manta ne. Wata uku ba kaɗan ya rage. Kaka, ki ƙara tunawa don Allah.

Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwarka. Jiki da sauƙi. Wata guda ke nan takardarka na ƙarƙashin matashina. Tela ya yi ta cewa mu ba da amsa, na ce ya bari sai na huce, don abin da zan faɗa a makon farko takarda ba za ta ɗauka ba.

Wato na manta ko? Tsohuwa ta rikice. Kai ka rubuto kana roƙo, na zauna na zazzage maka shekara arba'in da ɗaya, sakayyata ke nan. Tela ya ce wai ba kai ka faɗa ba, Baban naku ne. Na ce to wa ya ɗauki biro ya sa a takarda? Wa ya ce in ƙara tunawa?

Bari in tuna maka. Kujerar baƙa ce, hannunta ɗaya ya tsage, ni na ɗinke shi da zaren buhu. Tawul goma sha biyu ne, biyu masu ratsin shuɗi na manyan baƙi. Kwanon kumfa na tangaran ne, bakinsa ya ɗan ɓantare ranar da aka haifi uwarka, don a guje aka zo da labarin ya saki kwanon. Ka je ka tambaye ta ko an taɓa gaya mata. Mai tuna ɓantarar kwano ce za ta manta hannun mijinta?

Baban naku shekara hamsin ya yi yana kallon hannun kansa. Ni hannun gwani na kalla. Ka gaya masa haka, in kana jin tsoro ka ce ni na ce.

Yatsu kuwa za su warke. Marigayi ma da tabo a yatsunsa ya tafi. In wuya ta ishe ka ka koma damarka, ba wanda zai kama ka. Amma daga ranar kada ka ƙara cewa aikin kakanka kake yi.

Na gama. Tela, rufe.

*

Kaka,

Ina gaisuwa, kuma ina neman afuwa. Wallahi ban yi nufin abin da kika ɗauka ba. Da na ga shiru na san na yi ɓarna fiye da ta marfin buta. Na tambayi Mama zancen kwano, ta ce haka aka yi.

Ban koma dama ba. Tun da takardarki ta zo ban taɓa aska da hannun dama ba. Balan-balan ya daina fashewa. Yanzu Baba na ba ni mutane, masu gadin kasuwa da 'yan dako da ke son askin kyauta. Jini ya ragu ƙwarai, sai dai ina da nawa. Likita minti goma sha biyar ya gama mutum, ni sai na ci arba'in. Wani ɗan dako ya ce kafin in gama ɓari ɗaya, ɗayan ya sake tsirowa.

An sa rana. Likita ranar Litinin ta ƙarshen wata, ni ranar Alhamis, don gemun Baba ya samu kwana uku ya fito. Inda nake tsoro zakaran wuya ne. Na Baba kamar ƙwai ya haɗiye ya tsaya masa, fatar kuma duk ta saki. Ina marigayi ke sa babban yatsa a wurin? Ta wane gefe yake jan fatar? Wannan kaɗai ki taimake ni da shi.

Dogo

*

Dogo, ɗan nan,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, kada ka damu da wannan. Ban jira Direba ba, na ce Tela ya ɗauki hoton takardar ya tura maka ta waya yau ɗin nan. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta.

Ka tambaye ni zancen zakaran wuya. Na rufe ido na nema, abin ya ƙi zuwa daidai. Sai na ce bari in koma inda nake zama, ko ido zai tuna abin da kai ya saki. Tun rasuwar marigayi aka sauke madubin, yana bayan gadona naɗe da zani, shekara goma sha tara. Ƙofar nan ma da aka ba Tela haya sai aka toshe ta da katako. Jiya da hantsi na sa ya ɓamɓare katakon, muka goge madubin, ya rataye shi a ƙusarsa ta da, tana nan ba ta motsa ba. Ya jawo kabad ɗin yadinsa ya kare inda na tawul yake. Muka roƙi mai shayin ƙofar gida ya zauna a kujera. Na ba Tela mataji na ce wannan ce askar. Na ajiye 'yar kujerata, na buɗe ƙofa faɗin tafin hannu.

Dogo, sai ga shagon ya dawo. Har sai da na juya in duba ko ruwa ya tafasa.

Na ce, "Yawwa Tela, haka nan, riƙe da hagun, kai dama ƙarƙashin haɓa."

Ya ce, "Kaka, ai da dama na riƙe."

Na ce, "Kai dai kullum sai ka yi musu. Ga shi ina gani."

Ya ce, "Leƙo ki gani."

Na tura ƙofar na leƙa bayan kabad. Mataji na damarsa. Na koma na zauna na kalli madubi, yana hagu. Na sake leƙawa. Sau huɗu na yi haka, gwiwar ma ta manta tana ciwo. Mai shayi ya ce, "Inna, ai haka madubi yake, juya mutum yake yi." Kamar abin da kowa ya sani. Wataƙila kowa ya sani. Ni madubina ɗan ƙarami ne na sa kwalli, ido ɗaya nake gani a ciki, ban taɓa tsayawa na tambaye shi wanne ne ba.

To ka ji. Marigayi da dama yake aski kamar kowa. Ban taɓa ganinsa yana aiki ido da ido ba, sai ta gilashi. Baban naku ya yi gaskiya. Ban manta ba, amma abin da na riƙe ɗin a juye yake, ni kuma na ɗora maka shi, har na yi maka gorin gadon kakanka da ka nemi in sake dubawa. Na cinye maka wata huɗu. Na yanyanka maka yatsu. Saura kwana shida, kuma abincin 'yarka ne a kai.

Tela ya ce mu sassauta maganar, mu ce wataƙila. Na ce babu wataƙila, ya rubuta yadda na faɗa.

Zancen zakaran wuya, da na zauna ya dawo min. Ba ya bi ta kansa. Yana sa babban yatsa ya ja fatar gefe guda har ta sauka daga kan ƙashin, ya aske a nan, ya sake ta, ya ja ta ɗaya gefen. Wannan ko a juye ko a daidai duk ɗaya ne, ka ɗauka ba fargaba.

Hannun da za ka yi da shi kuwa, ba ni da bakin cewa komai. Ka yafe min.

Kakarka

*

Dogo,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gidanka. Ni lafiya.

Yau kwana ashirin da uku. Tela ya ce wayarsa ta nuna ka buɗe takardar tun ranar. Ya kira ka sau biyu ba ka ɗauka ba, na hana shi na uku. Direba ya zo sau biyu hannu wofi, har ya fara kauce wa ƙofar gidan don kada in tambaye shi.

Na san me shiru ke nufi. In shagon ya tafi, ka gaya min kawai, na fi son in ji da in yi ta ƙirga kwana. In kuma ba ka son yi min magana, ka sa matarka ta rubuto layi biyu. Ba zan yi fushi ba, wannan karon ba ni da hurumi.

Madubin na bar wa Tela, masu gwada riga na jin daɗinsa. Ƙofar na sa an mayar da katakon.

Kakarka

*

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki yafe min shirun nan. Ba zan ɓoye miki ba, farkonsa fushi ne. Da na karanta takardarki fita na yi daga shagon na yi ta tafiya ban san inda za ni ba. Kwana biyu ko matata ban gaya wa ba. Bayan nan kuma jira ne, don Baba bai yanke hukunci da wuri ba, ni kuma ban so in rubuto ba ni da abin faɗa.

Washegarin takardar na ɗauki aska da dama na gwada a kan wani mai gadi. Kaka, damata ba ta san aska ba, inji ta sani. Shekara tara tana gudu. Kafin in ankara ta ja dogon layi daga saje har haɓa, na yanke bawan Allah wuri biyu. Na shafa masa alif don jinin ya tsaya, yana zagina. Kwana biyar ba za su gyara ta ba. Hagu kuwa ba ta iya gudun ba ko ta so. Sai na ce da wadda na sani zan shiga.

Ranar Litinin Likita ya yi nasa. Minti goma sha huɗu, ko ɗigon jini babu, fuska kamar tafin jariri. Na tsaya ina kallo na ce shi ke nan.

Ranar Alhamis na sa wa Baba tawul biyu. Na bi fuskarsa da yatsu. Ya ce, "Har yanzu hagun?" Na ce, "Ita ke gare ni, Baba." Yana ta yi min surutu don ya gwada ni, ina ɗaga aska ina jira. Da na zo wuya na ja fatar gefe yadda kika ce. Ina cikin ɗaya gefen sai na ji wani sauti. Na ɗauka na yi ɓarna. Ashe minshari ne. Baba ya yi barci, baki buɗe, aska na maƙogwaronsa. Na ƙarasa a hankali, minti arba'in da biyar. Da ya farka ya shafa fuska ya ce, "Ka bar gashi uku ƙarƙashin leɓe." Ya sa hularsa ya fita.

Mako biyu bai yanke hukunci ba. Shekaranjiya ya kira mu. Ya ce Likita ya fi ni hannu, kuma zai daɗe yana fi na. Amma tun da idonsa ya fara lalacewa bai taɓa yarda ya rufe ido alhali ƙarfe na wuyansa ba, ko ranar Litinin a buɗe yake. Ya miƙo min makulli. Na roƙi Likita ya riƙe kujera ta biyu, ya ce zai yi tunani. Bai gaishe ni ba da zai tafi, ban ga laifinsa ba.

Yanzu duk kasuwa Bahago ake ce min. Mutane na tambaya me ya sa hagu, kuma suna son labarin. Mai rubutun allo zai zo mako mai zuwa. Ina so ya rubuta "Askin Hagu, Gadon Kakanmu". Ba wanda ya san zancen madubi sai ni da ke da Tela da mai shayi. Kin yarda?

Jikanki,
Dogo

*

Dogo, angona,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na sa Tela ya karanta sau uku, a na ukun muryarsa ta dushe, mai shayi ya karɓa. Gwiwa na nan yadda take, amma yau har bakin titi na taka. Ka gaida Baban naku da kyau, ka ce tsohuwar ta ce shi ke da gaskiya. Mai farar riga kuma ka bi shi har gida, kada ka jira ya gama tunani. Hannu irin nasa ba a barinsa ya tafi.

Zancen allo, ban yarda ba.

Marigayi da dama ya yi aski shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa sa wa mutum abin da ba nasa ba. Sau ɗaya na yi masa ƙarya ban sani ba, ba zan yi ta biyu da fenti ina sane ba. Tawul nasa ne, jan fata nasa ne, shirun nan a kan wuya nasa ne. Waɗannan ka ce gadon kakanka ne, ka faɗa da ƙarfi.

Amma hagun nan ba nasa ba ne. Nawa ne. Ni na ƙirƙiro shi a bayan ƙofa ina jiran ruwa ya tafasa, kai kuma ka biya da yatsunka har ya zama gaske. Ka sa a rubuta Bahago kawai, ya isa. In mutum ya kwanta a kujera ya tambaye ka wa ya koya maka, ka jira sai ka ɗauke askar daga wuyansa, sannan ka ce wata tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe aska ba, kuma ba ta san madubi na juya mutum ba.

Ka ɗauke askar tukuna, na ce, don zai yi dariya. Ni ma sai yau na samu na yi.

Kakarka